Gina Tanderun Lantarki na Gasa Fentin Hoda a Ƙaramar Ma'aikata: Mas'alar Zafi da Auna Shi

 

Muƙaddima

Duk wanda ya saba ratsa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuwa kasuwar Katako ta birnin Yamai, ya san cewa maƙeranmu da masu walda ba su da abin jin kunya a gaban takwarorinsu na kowace ƙasa wajen yankan ƙarfe da lanƙwasa shi da haɗa shi, har su fitar da ƙofofi da tagogi da gadaje da kujerun makaranta waɗanda ido ke gani ya yaba. Amma kuma ya san cewa galibin kayan nan, da zarar sun sha damina biyu ko uku, sai fentinsu ya koɗe, ya soma ɓamɓarewa ta gefuna, tsatsa ta sami ƙofa ta wurin walda, mai kaya ya koma yana zargin maƙeri da algus alhali kuwa ƙarfen lafiyayye ne. Rauninmu a wajen gamawa yake. Fentin mai da ake sirka wa tina ko fetur, a fesa shi a bakin titi ƙura na sauka a kansa tun bai sha iska ba, ba shi da ƙwarin da zai daɗe a ƙarƙashin ranar ƙasashen nan.

Fentin hoda, wato wanda ake fesawa busasshe sa'an nan a gasa shi, ya daɗe da zama maganin wannan illa a manyan masana'antu, kuma hodar da ƙaramar bindigar feshinta ba su ne ke gagarar mai ƙaramin jari ba. Abin da ke gagararsa shi ne tanderu, domin wanda ake shigowa da shi daga waje tsadarsa ta fi ƙarfin galibin masu sana'a, ga shi kuwa in aka duba haƙiƙaninsa akwatin ƙarfe ne da mai walda zai iya haɗawa a shagonsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayanin yadda ake gina shi, tare da hisabin da ke bayansa, da kuma tabbatar da magana guda wadda nake ganin ita ce jigon al'amarin: cewa darajar tanderu tana ga iyawarsa ta riƙe zafi guda, daidai a kowane lungu, gwargwadon lokacin da hoda ke bukata, kuma zafin da ake nufi shi ne na jikin ƙarfen da ake gasawa. Saboda haka kuɗin da aka zuba wajen tsare zafi da auna shi ya fi fa'ida bisa wanda aka zuba wajen ƙara wuta.

Asalin fentin hoda da yadda yake nuna

Wannan sana'a ta tsiro ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 wani masani Bajamushe, Dokta Erwin Gemmer, ya fitar da dubarar hura iska ta ƙarƙashin hoda a cikin mazubi har ta riƙa motsi tana tashi, a tsoma ƙarfe mai zafi a ciki, hodar ta narke a jikinsa. Daga baya, a farkon shekarun 1960, aka zo da feshin da ke aiki da cajin lantarki, wanda kamfanin SAMES na Faransa yake cikin waɗanda suka fara ƙera bindigarsa, wannan feshi ne kuwa ya mamaye duniya a yau. Bindigar tana ɗora wa ƙwayoyin hoda caji da ƙarfin da ke kamawa daga bolt 30,000 zuwa 100,000, ƙarfen kuma ana haɗa shi da ƙasa ta waya, sai hodar ta manne masa ta kowace fuska, ta zauna a kansa har a kai shi wuta.

Abin da ke faruwa a cikin tanderu mataki biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne asalin galibin hasarar da ake yi. Mutum in ya leƙa bayan 'yan mintoci zai ga hodar da ta shiga dususu ta fara jiƙewa, ta yi ƙuraje-ƙuraje, sa'an nan ta malala ta kwanta sumul tana ƙyalli. Wannan narkewa ce kawai. Bayanta ne, in zafi ya ɗore, ƙaron da ke cikin hodar yake ƙulluwa da sinadarin da aka haɗa shi da shi domin ya taurara, su saƙu da juna saƙar da ba ta warwaruwa, ko da an sake mayar da shi wuta ba zai kuma narkewa ba. Wannan ita ce nuna. Misalinsa misalin dankalin da aka jefa a garwashi ne, bayansa ya gasu yana ƙamshi, cikinsa kuwa ɗanye. Fentin da aka fitar a tsakanin narkewa da nuna yana da kyan gani ƙwarai a ranar da mai kaya ya zo ɗauka, amma bugu ɗaya zai fasa shi.

Kowace hoda tana zuwa da sharaɗinta a rubuce daga masu yinta, galibi kuwa digiri 200 na ma'aunin Salshiyas tsawon minti 10, ko digiri 180 tsawon minti 15 zuwa 20. Abin lura, wanda nake roƙon mai karatu ya riƙe, shi ne ba a fara ƙirga mintocin nan sai ƙarfen kansa ya kai wannan zafi. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana kaiwa cikin 'yan mintoci, amma farantin da ya kai milimita 10, ko rim ɗin mota, yana iya cin minti ashirin ko talatin bayan iskar tanderu ta riga ta kai 200. Wanda ya dogara da agogo da zafin iska kaɗai, to siraran kayansa za su nuna, masu kaurin su fito ɗanyu, daga tanderu ɗaya a lokaci ɗaya.

Game da zaɓin hoda magana kaɗan ta isa. Ifoksi tana da ƙarfin kamu da jure sinadarai, amma hasken rana yana cin fuskarta har ta koma fari-fari tana goguwa a hannu, don haka ta kayan cikin ɗaki ce. Ƙofar gida da tagogi da duk abin da zai tsaya a rana, foliyesta ce hodarsu.

Jikin tanderu

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: tanderu mai faɗin mita 1, zurfin mita 1, tsayin mita 2 daga ciki, wanda zai ɗauki ƙyauren ɗaki a tsaye ko tagogi da dama a rataye. Ana haɗa ƙashinsa da angul ko fayif mai kusurwa huɗu, a rufe ciki da fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1, a rufe waje da wani falle, a cika tsakaninsu da audugar dutse mai kaurin milimita 100. Kada a shafa wa cikinsa fenti ko kaɗan. Soson katifa, da farin kumfan da ake kewaye kayan lantarki da shi a kwali, da katako, duk haramun ne a wannan wuri, domin farin kumfan nan tun wajen digiri 100 yake laushi, sauran kuwa makamashi ne da ke jiran wuta.

Akwai illa biyu da ido ba ya gani a wannan gini. Ta farko, ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, gwargwadon kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri. Fallen da tsayinsa ya kai mita 2, in ya tashi daga digiri 30 zuwa 200, zai ƙaru da milimita 4. Idan mai walda, don son inganta aiki, ya bi gefunan fallen ciki ya ɗinke su da walda daga sama har ƙasa, fallen ba shi da inda zai miƙe, sai ya kumbura ya bankare, a ji yana ƙara kamar ana dukansa, daga bisani ƙofa ta daina haɗuwa. Maslaha ita ce a ɗaure shi da ribit ko noti a cikin ramuka masu ɗan yalwa, fallaye su hau kan juna. Ta biyu, ƙarfe yana ɗaukar zafi ya wuce da shi ninki wajen dubu bisa audugar dutse, saboda haka duk sandar da ta taɓa fallen ciki ta kuma taɓa na waje ta zama gadar da zafi ke tsallakawa ya fice. Mutum zai gane wannan da tafin hannunsa: jikin tanderu da ɗumi kawai, amma inda sanda ta bi ba ya taɓuwa. Gwargwadon iko a rage wuraren haɗuwar nan, inda kuma ya zama tilas a sa ɗan abin da ba ya ɗaukar zafi a tsakani.

Ƙofa ita ce mafi raunin sassa. A yi mata kauri daidai da na bango, a kewaye bakinta da igiyar zaren gilas irin ta tanderun burodi na zamani, a sa mata maƙulli biyu ko uku masu matsewa, domin ƙofa mai tsayin mita 2 in sakata ɗaya ce ke riƙe da ita a tsakiya, sama da ƙasanta za su buɗe baki. Wajibi ne kuma, tunda mutum yana iya shiga irin wannan tanderu, a yi maƙullin yadda za a iya buɗe shi daga ciki. A bar ɗan bututu siriri a sama wanda zai fitar da tururin hoda zuwa wajen shago.

Hisabin wuta

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ake yawan yin ƙiyasi ba bisa hujja ba. Bango huɗu da rufi da daɓen tanderun misalinmu sun kai murabba'in mita 10, fallen milimita 1 kuwa nauyinsa kilo 7.85 a kowane murabba'in mita, jimla wajen kilo 79. Mu ƙara kilo 50 na kayan gashi da marataya, ya zama kusan kilo 130. Kowane kilo na ƙarfe yana bukatar kilojul 0.49 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, mu kuwa digiri 170 muke son ƙarawa, daga 30 zuwa 200. In aka buga, za a sami kilojul 10,800 da ɗoriya, wato yunit 3 na wutar mita. Iskar da ke cikin tanderun gaba ɗayanta, wadda ba ta kai kilo biyu da rabi ba, kashi ɗaya cikin goma na yunit da 'yan kai take ci. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa zafafa iska abu ne mai sauƙi da sauri, wahalar tana ga ƙarfe, kuma shi ne dalilin da ya sa allon ma'auni ke nuna 200 tun kaya suna nesa da isa can. Ya kuma nuna cewa wanda ya rufe cikin tanderunsa da faranti mai kaurin milimita 3 don neman ƙarko ya ɗora wa kansa harajin da zai riƙa biya kullum safiya.

Sai zafin da ke tsiyaya ta bango. Audugar dutse mai kaurin milimita 100, a irin wannan zafi, tana barin wajen kilowat 1 ya fita ta murabba'in mita 10 ɗin nan. In aka rage kaurinta zuwa 50 sai hasarar ta ninka. To idan muna son tanderu ya kai zafinsa cikin rabin sa'a, yunit 3 a rabin sa'a kilowat 6 ke nan, a ƙara na tsiyaya da wanda audugar kanta za ta sha da na ihtiyaɗi, sai mu tsaya a kan kilowat 9: sandunan hita uku, kowace mai kilowat 3, irin na obin ɗin girki ko waɗanda ake sayarwa musamman domin zafafa iska. Kada a ɗauko na dafa ruwa, domin an yi su ne ruwa ya riƙa sanyaya su, in aka kunna su a busasshiyar iska ƙonewa suke yi. A cikin kowace sanda akwai wayar nikirom, garwin nikel da kuromiyam wanda Albert Marsh ya samar a Amurka a farkon ƙarni na 20, an binne ta cikin farin gari na magnisiya wanda ke wuce da zafi ya hana lantarki.

Kilowat 9 a kan layi ɗaya mai bolt 230 yana jan amfiya 39, nauyin da wayar shago ta yau da kullum ba za ta ɗauka ba; yana bukatar layinsa na kansa tun daga allon raba wuta, da wayar jan ƙarfe ta murabba'in milimita 10, da birekarsa. Wanda yake da layi uku ya huta, sai ya ɗora kowace sanda a kan layi guda, amfiya 13 kowanne. Wayar da ta kusanci sanduna kuwa ba za ta zama ta gida mai rigar roba ba, wadda aka yi wa iyaka a digiri 70. Sai mai rigar zaren gilas ko silikon, kawunan sandunan kuma su fito waje ta bango a rufe su da akwati.

Akwai mas'alar da littattafan Turai da Amurka ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ita ce abincinmu na kullum, wato raunin wuta. Zafin da sandar hita ke bayarwa ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, yana raguwa ne da murabba'insa. Idan wutar da ya kamata ta zo 230 ta zo 180, abin da za a samu kashi 61 ne cikin ɗari, tanderun kilowat 9 ya koma na biyar da rabi. Zai kai 200 ɗin in bangonsa na da kauri, sai dai a makare. In kuwa an tsuke hannu a wajen audugar dutse, yana iya tsayawa a hanya ya ƙi gaba, mai shago na ta jira. Ga ƙarin hujja ke nan a kan fifita bango bisa wuta: ƙara sanduna a kan layin da ya riga ya raunana ƙara masa rauni ne, amma kaurin bango ba ya neman kome daga kowa. Don haka nake ganin ma'aunin bolt a fuskar akwatin sarrafawa yana cikin wajibai a ƙasashenmu, kuma ranar da wuta ta yi ƙasa ba a aiki da mintocin jiya.

Mai kula da zafi

Ma'aunin da ake sakawa a ciki shi ne tamokoful nau'in K, wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban da aka haɗa kansu, waɗanda ke fitar da ɗan lantarki gwargwadon zafi, bisa ƙa'idar da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Lantarkin nan ƙanƙane ne ƙwarai, wajen kashi 41 cikin miliyan na bolt a kowane digiri, shi ya sa in wayarsa ta gaza ba a ƙara mata da wayar jan ƙarfe, sai da irin tata, kuma ba a jera ta da wayoyin wuta. In aka juya ƙafafunsa wajen ɗaurawa, allo zai riƙa nuna sanyi alhali tanderu na ƙara zafi, na'ura kuma ta ci gaba da ba da wuta ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka tun kafin a haɗa sanduna a riƙe kansa a hannu a ga lamba ta hau. Gwajinsa mai sauƙi ne: ruwan ƙanƙara ya nuna sifiri, tafasasshen ruwa kuwa a Kano ya nuna wajen 98, domin tudun ƙasar ya ɗan rage shi daga 100 na bakin teku.

Tamokoful yana kai labari ga na'urar da ake kira PID, wadda ba ta jira zafi ya wuce iyaka kafin ta yanke wuta. Tana duban tazarar da ta rage, da daɗewar da aka yi ba a cike ta ba, da saurin da zafi ke hawa, sai ta riƙa ba da wuta guntu-guntu yayin da aka kusa, har ta zaunar da shi a kan adadin da aka nema. Tunda yankewa da haɗawar nan na faruwa duk bayan daƙiƙa kaɗan, ana amfani da rile marar motsi, wanda ba shi da haƙoran da za su cinye. Shi kuwa yana da halaye biyu da ya wajaba a sani. Yana yin zafi da kansa, fiye da wat ɗaya a kowace amfiya, don haka sai an ɗaura shi a kan faifan alminiyam mai haƙarƙari, nesa da jikin tanderu, balle a watan Afrilu da inuwa kanta ke kai digiri 40. Kuma in ya mutu, galibi a haɗe yake mutuwa, wuta na wucewa, na'ura na ba da umarnin yankewa ba mai ji. Wanda ya fahimci wannan ba zai yarda ya kwana da tanderun da ba shi da mai tsaro na biyu ba: ma'aunin iyaka mai zaman kansa, a saita shi wajen digiri 230 ko 240, ya riƙe kwantakta, wato babban makunnin da ke gaban rile ɗin, in zafi ya ƙetare ya yanke wutar baki ɗaya, kada kuma ta dawo sai mutum ya danna da hannunsa. Wannan tsari na dannawa yana da wata fa'ida a wurinmu, domin in an ɗauke wuta aka watse, ba zai kunna kansa da tsakar dare in an kawo ta ba. A tuna kuma cewa kwantakta an yi ta ne ta kama daga kashi 85 cikin ɗari na bolt ɗinta, wato wajen 195. Ƙasa da haka tana iya yin karkarwa har haƙoranta su ƙone.

Wayar ƙasa a jikin tanderu da ƙofarsa, da bireka mai jin yoyon lantarki, ba abin sassauci ba ne, domin akwatin ƙarfe ne da yaran shago za su riƙa dafawa, wani ma ba takalmi. Da damina farin garin cikin sanduna yakan sha laima, birekar ta riƙa faɗuwa. Maganinsa a busar da sandunan, ko a sauya wadda ta lalace. Cire birekar don aiki ya tafi wasa da rayukan bayin Allah ne, kuma amanar yaran nan tana wuyan mai shago.

Zafi yana hawa sama bisa ɗabi'arsa, tanderu mai tsayin mita 2 kuwa in aka bar shi haka, kan ƙyaure zai ƙone gindinsa bai nuna ba. Ana sa sanduna a ƙasa, a kāre su da falle don kada haskensu ya doki kaya kai tsaye, wanda shi ke mayar da farar hoda ruwan ɗorawa. Sa'an nan a sa fanka mai fikafikan ƙarfe ta janyo iskar sama ta bi da ita ta wani lungu zuwa ƙasa, motarta a waje, doguwar sanda ce kawai ke ratsa bango. Iskar ta kasance mai laushi, domin kafin hoda ta narke caji ne kaɗai ke riƙe da ita.

Tahƙiƙi kafin karɓar aikin mutane

Sabon tanderu ana fara kunna shi ba kome a ciki, ya ƙone man da ke jikin fallaye. Bayan haka sai a auna shi: a sami ma'auni na hannu, a ɗaura kan tamokoful a jikin guntayen ƙarfe, a rataya su sama da tsakiya da ƙasa da bakin ƙofa, a rubuta zafin kowanne duk bayan minti biyar. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce digiri 10, a gyara hanyar iska kafin a ci gaba. Wannan takarda, in aka maimaita ta da ƙarfe siriri da mai kauri, ita ce za ta gaya wa mai tanderu mintocinsa na gaskiya. Ma'aunin nan mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa yana da amfani a kan fentin da ya riga ya narke, amma a kan ƙarfe tsirara mai ƙyalli yana nuna ƙasa da haƙiƙa.

A kowane gashi a rataya ɗan falle na shaida mai kauri irin na kayan. In ya huce a tsaga shi da reza tsaye da kwance, a manna salatif mai ƙarfi a fizge. Fentin da ya kama ba zai biyo ba. A lanƙwasa shi a ga ko zai tsage. A jiƙa auduga da sinadarin MEK a goga da ƙarfi kai da komowa. Wanda ya nuna zai ɗan dushe kawai, ɗanye kuwa zai yi laushi ya rina audugar. Kaurin da ake nema galibi maikiron 60 zuwa 80 ne, labtawa fiye da haka israfi ne, kuma yana kawo gudaje.

Ya wajaba in faɗa cewa tanderu, kome kyansa, ba ya gyara abin da aka ɓata kafin a zo gare shi. Maiƙo da tsatsa da ɓawon walda sai an kawar da su, an wanke ƙarfe da ruwan fosfet in da hali, ba a kuma sake taɓa shi da hannu tsirara. Kayan zubi, musamman na alminiyam, suna da ƙananan ramuka masu riƙe iska da mai, don haka ana fara gasa su tsirara da zafin da ya ɗan ɗara na hoda, in ba haka ba su huda fentin da ƙuraje. Masu kankare tsatsa da feshin yashi su sani cewa ƙurar yashi tana haddasa ciwon huhu marar magani, wanda ya sa ƙasashe da dama suka hana amfani da shi tun tuni. Hodar kanta ba a shaƙarta, kuma in ta yi yawa a iska ta gamu da tartsatsi tana kamawa da wuta, saboda haka wurin feshi daban, tanderu daban, kuma tanderun da ya taɓa gasa hoda ba a sa abinci a cikinsa har abada. Ajiyarta tana son wuri busasshe wanda bai wuce digiri 25 da 'yan kai ba, abin da ke da wuya a shagon kwano da bazara, inda takan dunƙule tun a kwali. Gara a riƙa saye kaɗan-kaɗan, a ajiye a ɗaki mafi sanyi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai a yayyafa ruwa a daɓe a rufe ƙofofi kafin feshi.

Kuɗin gashi

Gashin farko a tanderun misalinmu, daga sanyi har nuna, yana cin yunit 5 zuwa 6. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, wato NERC, ta sa kuɗin yunit a Naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a yini. Bisa farashin wancan lokaci gashin bai wuce Naira 1,350 ba, abin da ƙyaure ɗaya zai biya. Gashi na biyu, da yake bango ya riga ya ƙoshi da zafi, kilo 50 na kaya kaɗai za a ɗaga, wanda bai kai yunit ɗaya da kwata ba, in an haɗa da na tsiyaya da na buɗe ƙofa ya tsaya wajen rabin na farko. Tadbirin da ya dace ke nan shi ne a tara aiki, a ware ranar wanki da feshi, a gasa a jere ba tare da barin tanderu ya huce ba, a kuma haɗa masu kauri wuri ɗaya, sirara wuri ɗaya. Wanda zai dogara da janareta ya nemi mai kVA 15, domin na 12 kilowat tara da ɗigo shida kawai yake bayarwa, ga fanka ga kwamfiresa suna jiran rabonsu. A nan kuɗin mai yana sauya lissafin gaba ɗaya, har ya zama tanderu mai ƙona gas ya cancanci a duba shi, ko da yake shi yana da nasa sharuɗɗan tsaro masu tsanani da suka wuce haddin wannan maƙala. Idan kuwa aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada a buɗe ƙofa. Hodar da ta narke ba ta nuna ba tana karɓar gashi na biyu, sai a sake kai ƙarfen zafinsa, a ƙirga mintocin daga farko, a kuma gwada fallen shaida kafin kaya su bar shago.